Koren Jakin Inde

Da rana tsaka Inde ta taka guntun tangaran a bayan sabon gidan kumandan mai mulkin gari, ya tsaga mata diddige. Wata da zagi za ta bi shi. Inde kuwa durƙusawa ta yi ta laluba, ta tarar da tsibi guda na fasassun tangaran ɗin daɓe da magina suka zubar, ta cika zanenta ta koma gida tana ɗingishi.

Tana da dalilinta. Ɗanta Alhassan, direban kamiyo, babbar motar kaya, a Jibiya, ya riga ya kafa mata sharaɗi tun bayan rasuwar babansa Ɗogo masunci.

"Inna, ranar da na ga kin kasa, sai Jibiya. Ba ni barin ki ke ɗai bakin tabki."

Ita kuwa Inde ta gwammace a kai ta kabari da a raba ta da ɗakin da ta yi shekara arba'in a ciki. Dole ta nuna masa aikin da tsohuwar da ta kasa ba za ta iya ba.

Ta ɓalle katako daga tsohon jirgin Ɗogo, ta jiƙa ƙaro, ta shige can ƙuryar ɗaki inda ko kaza ba ta ganin tsaba. Kowane guntu sai ta shafa bakinsa da yatsa, ta ƙwanƙwasa shi a haƙori, sannan ta manna shi a katakon. Kwana tara ta fito da allo ta jingina a ƙofar gida.

Jaki ne, babu musu. Kunne, bindi, har da taurin kan. Sai dai kore ne shar.

Garin Madarumfa ya yi dariya har ya gaji. Ana cikin haka matar kumandan ta biyo a mota, ta tsaya, ta dafa ƙirji, ta ce ai a Faransa haka manyan gwanaye suke yi. Aka ɗauki allon aka rataye a biro, ofishin kumandan. Nan take dariya ta ɗauke, kowa ya ce shi dama tun farko ya ga hikimar abin. Bala mai jaki, don kada a bar shi a baya, ya dama garin kuka ya shafe jakinsa tun daga kunne har kofato. Ranar kasuwa awaki goma sha suka bi shi suna lasa har garin Gabi.

Allo na biyu tafkin garin ne, da jiragensa da tarunsa, amma ruwan ja wur. Wannan kam ba a yi dariya ba. Masunta suka yi kwana uku ba wanda ya jefa taru. Kanta, mai kula da tsafin masunta, ya yanka jan zakara a bakin ruwa, liman kuma ya tara mutane aka yi addu'a, don ba a san wanda zai riga wani dacewa ba. Da ba abin da ya faru, kowane ɓangare ya ce aikinsa ne ya ci.

Duk wanda ya zo tambayar ma'ana, amsar Inde ɗaya ce.

"Kai mi ka gani?"

In ya faɗa, sai ta gyaɗa kai ta ce to, haka ne. Da wannan ta zama mai hangen nesa, har mata na kawo mata jarirai ta duba.

Labari ya ƙetara iyaka. Alhassan ya aiko cewa yana tafe ran Juma'a, kuma ya share ɗaki a Jibiya, don shi a ganinsa mai yin koren jaki ta fara ruɗewa. Hankalin Inde ya tashi ƙwarai. Ta ɓalle katako na ƙarshe, ta rufe ƙofa, ko abinci sai maƙwabciyarta Marka ta turo mata ta ƙarƙashin asabari.

Ran Juma'a ta ji kukan kamiyo tun daga kwanar kasuwa, ta fito ta tsaya daidai bakin zaure. Bai gama sallama ba ta miƙa masa allon.

Ɗogo ne. Ga karyayyen hancin nan da jirgi ya buge, ga tsagar kumatu, ga kunnen hagu da ƙugiya ta yage. Gemun kuwa shuɗi ne. Alhassan ya daɗe yana kallo, sai hawaye.

"Har shunin rawaninshi da ke zuba a gemu kin tuna, Inna? Ni ɗanshi na manta."

"To, haka ne," in ji Inde.

"Wanda ya jera wanga, idonshi ya hi nawa. Zamna ɗakinki."

Ya sa allon a gaban mota kusa da shi, ya juya Jibiya da ɗakinsa shararre. Inde ta tsaya tana ɗaga hannu har ƙarar ta ɓace, ta ci gaba da ɗagawa, sai da Marka ta kama hannun ta sauke. Daga nan ta juya, taki goma sha biyu zuwa turmi, bakwai zuwa ƙofar ɗaki, kamar kullum. A bakin ƙofa ta tsaya, ta rage murya.

"Marka, don Allah ki gaya mini gaskiya. Jakin nan, da gaske kore ne?"

Damina uku ke nan rabon Inde da ta ga ko tafin hannunta.