Allurai a Tafin Ƙafa

A gudu na shida, bayan hutun minti ɗaya, ƙafarsa ta hagu ta ƙi ɗaguwa. Ya kife a filin tsere.

Matarsa ta yar da agogo ta rugo.

"Kwantar da hankalinki," ya ce yana haki. "Garin beta-alanin ne, na ƙarin ƙarfin nan da kike zuba min a gora. In yana aiki, sai a ji kamar ana tsira allurai. Yanzu har gwiwa nake jin su."

Ta cire masa takalmin, ta kama tafin ƙafar.

"Baban yara, alluran nan ne suka tsorata ni, na zubar da garin. Wata biyu ke nan lemo zalla nake zuba maka a gora."

Ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Mintsine ni in ji."

Tun ɗazu farcenta ke nutse a naman.