Kabewar da ta Tsallake Danga

Kai Haladu, da gemunka da 'ya'yanka kake tsaye kana tambayata wai ko ka je ka tsinko kabewar da ta tsallaka gidan maƙwabci? Ashe har yanzu sai an tauna maka a baki? Ajiye wuƙar nan, ka samu wuri ka zauna.

An yi wata mata mai ɗan lambu a bakin rafi, bai fi shimfiɗar tabarma goma ba. Tana sa kuɓewa da yalo da alayyafo, amma abin alfaharinta kabewa ce, irin da ta gada wurin uwarta: ja ce jawur a ciki, ga zaƙi, ga ta tana kaiwa bazara a ƙarƙashin gado ba ta ruɓe ba. Duk ƙauyen ba mai irinta. Wata damina sai ta yi gangancin da manomi ba ya yi, ta shuke irin nan kaf, ko ƙwaya ba ta rage a tulu ba. Kabewa ta yi yaɗo. Wani hannu ya bi ta ƙarƙashin danga, ya haura tudu, ya shiga bayan ɗakin maƙwabciyarta, wata marowaciyar da ko garwashi ka je ɗiba sai ta tambaye ka ina naka. Mijin mai lambun ya ce mata a janyo yaɗon. Ta ce, "Bar shi. Wanda ya tafi da ƙafarsa ba a jan sa da wuya."

Da marka ta kankama, rafi ya kawo, ya kwana bakin lambu, ya tashi da kome. Kuɓewa ta kwanta, yalo ya zube, gindin kabewa ya ruɓe ya yi baƙi. Matar nan ba miyar bana ta yi wa kuka ba, miya ko ta kuka ce a sha. Irin uwarta take jin ya ƙare a hannunta. Abin da ta manta shi ne, kabewa duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta kafa saiwa. Hannun nan na kan tudu ya riga ya zama gindin kansa, ruwa bai kai gare shi ba.

Kaka ta yi, ganye ya bushe, kowa na shanya kuɓewa a kan rufi, ita tana zaune hannu wofi. Sai ga sallamar marowaciya. Kada ka zaci kabewa ta kawo. Ina! Ta dafe abarta ta cinye, ko yanki ba ta aiko ba. Ƙoƙo ne a hannunta, cike da 'ya'yan kabewa, an wanke, an shanya, an cuɗe da toka don ƙwari. Ta dire shi ta ce, "Ga kayanki, ni ba ni da wurin ajiyar tarkace." Matar nan ta zuba su a tafi, ta yi ajiyar zuciya, ranar ta ci tuwo har da ƙari.

Shi ya sa masu magana suka ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

To, ka ji. Mayar da wuƙar nan inda ka ɗauko ta. Ku kuma yara da kuka baza kunnuwa kamar zomaye, wa ya kira ku? Ku tashi ku kwanta, gobe akwai yankan kuɓewa.