Ajiyar Ranar Asabar

Kai da ka tara digiri har ka daina hira da uwar 'ya'yanka, wai ba za ta gane ba, ga labari ka riƙe. Can bayan hamada, a garin da fatakenmu na dā suke kai fata, an yi wani malamin Yahudawa, masanin ilimin ɓoye na addininsu, irin wanda ba sa barin mutum ya shiga sai ya yi aure ya cika arba'in. Tun yana saurayi yake bin gari gari yana kwafar tsofaffin littattafai har idonsa ya dushe, ɗalibai na zuwa daga nesa su durƙusa a gabansa. Amma akwai shafi guda da ya gagare shi, a wani littafi mai bayanin yadda hasken Ubangiji ya sauko har duniya ta samu. Gara ta cinye tsakiyar shafin. Shekara talatin yana neman abin da zai haɗa saman da ƙasan. Matarsa kuwa ko alif ba ta sani ba. Ta kawo akushi, ta ɗauke akushi, bai taɓa gaya mata abin da ke hana shi cin abinci ba. Ba ƙiyayya ba ce, yana sonta sarai. Raini ne kawai irin na masu karatu, wanda su ba sa jin warinsa.

To, rannan da hantsi, ya tsufa tukuf har yana manta inda ya ajiye takalminsa, sai abin ya buɗe masa tar: mataki bakwai, kowanne riƙe da na gabansa. Sai dai ranar Asabar ce. Su a addininsu, daga faɗuwar ranar Juma'a har taurari uku su fito ranar Asabar, ba a rubutu, ba a hura wuta, ba a doguwar tafiya, ko ƙulli ba a yi a bakin zane don tuni. Ga alƙalami ga tawada, hannu ba dama. Ɗalibai kuma suna nesa. Ya san kansa, kafin magariba abin zai zube kamar ruwa a kwando. Tsoho ya zauna yana maimaitawa, hawaye na bin gemu. Matar ta leƙo ta ce, "Malam, wa ya mutu?" Ya ce ba abin da za ta gane ba ne. Ta ce, "Yo na ce maka zan gane? Ajiya za ka ba ni. Shekara arba'in da biyar ni ke tuna maka inda hularka take." Don ba yadda zai yi, ya zayyana mata. 'Ya'ya bakwai ta haifa masa, sai ta ɗora wa kowane ɗa mataki guda, ta sa ya maimaita sau uku, ta koma wajen tukunyarta da ke cikin toka mai zafi tun jiya.

Bayan azahar barci ya sace shi. Da taurari suka fito ya rarumi alƙalami, ya rubuta na ɗaya, ya rubuta na biyu, sai kai ya yi fayau. Ta jawo tabarma ta zauna gefensa, inda ba ta taɓa zama ba, ta shiga kiran 'ya'yanta, kowa da kayan da ta ɗora masa. Da ta zo na huɗu ta ce, "Wannan Zahara na bai wa, don shi ya fi nauyi, ita kuma ba ta da wani aiki yanzu." Zahara ita ce wadda ta rasu tana goye, wadda shi bai ƙara iya ambatar sunanta ba. Ya rubuta. Ko kalma ɗaya tsohuwa ba ta zubar ba. Da littafin da ya rubuta a kan matakan nan ya kammala, sunan matar ya sa a shafin farko, ya kama yatsanta ya bi mata shi harafi harafi. Ta ce ya yi kyau, amma ya zo ya ci abinci kafin ya huce.

Saboda haka kai mai digiri, rufe littafinka ka je ka zauna da wadda ta daɗe da kai. Hausawa ba su yi ƙarya ba: da tsohuwar zuma ake magani.