Tsuntsun Duwatsun Gabas

A Dogon Dutsi ana cewa babu tsuntsun da Maikano bai san kukansa ba. Shi ya sa da wani Nasara mai kallon tsuntsaye ya sauka wurin kumandan mai mulkin garin, Maikano aka ba shi ɗan jagora, da tafinta da gardi biyu, wato dogaran kumandan.

Ya nuna masa gauraka, ya nuna masa burtu, yana ta kauce wa duwatsun gabas. Can cikin kogo ɗansa Illo yake ɓoye tun da aka fara kama samari aikin tilas. Waɗanda aka kwasa bara ko ɗaya bai dawo ba.

Nasara ya kafe sai duwatsun nan. Da suka isa, tafinta, mai kiran Nasara da Mushe, ya ce, "Mushe ya ce kullum da la'asar yana jin wani baƙon tsuntsu nan. Kira masa shi, tsoho."

"Ban san shi ba," in ji Maikano.

Nasara ya yi dariya, ya haɗa tafukansa, ya busa kukan da kansa. Kunne gare shi, bai kuskure ko kaɗan ba.

Sai ga Illo ya fito da ƙwaryarsa a hannu, yana murmushi. Da wannan busar uban yake kiransa cin tuwo.

Gardin suka warware igiya. Nasara na ta duban sama, yana jiran tsuntsu.

Maikano ya durƙusa gaban ɗansa. "Illo, ka yafe mani. Ni na koya maka fitowa."