Ranar da Ta Ajiye Aiki

Dakta Amatullahi ta miƙa wa shugaban sashe takardar ajiye aiki, ta hau babur zuwa unguwarsu, New Bell. Shekararta biyu da barin Najeriya tana koyarwa a wata jami'a a Douala. Ɗalibai na yi wa Faransancinta dariya, malamai na jin haushi don ba ta ba maza hannu, matan unguwa kuma na cewa ta cika shiga cikin maza. Ta gaji.

Tana shiga ɗaki ta kira mahaifiyarta. "Inna, na bar aikin. Gida zan dawo."

Inna ta ce, "Wane gida, 'yar nan? 'Yan bindiga sun ƙone garin shekaranjiya. Mu tara ne a mota, wajenki muka nufo. Ke kaɗai kika rage mana mai aiki."