Muryar Wanda Ya Biya

Ranar da sabuwar dokar zaɓe ta fara aiki a Amurka, Lantana ta ajiye wa mijinta Malam Ɗanjuma kunun gyaɗa, ta ƙara sautin rediyo. Dokar ta ce duk maganar siyasar da aka biya kuɗi a kanta, in dai ta rediyo ko waya ta biyo, to da muryar wanda ya biya za ta fito.

Sun daɗe suna musu a gidansu da ke Bronx. Ita tana bayan 'yar takarar da ta yi alkawarin rage farashin magani, Malam Ɗanjuma kuwa yana bayan mai cewa zai zabge haraji.

Gwanin Malam ya fara magana a rediyo, sai ga muryar wani tsoho da ba su sani ba, yana gyaran murya kafin kowace magana.

Lantana ta tafa hannu ta ce, "Ka ji ko, Malam? An saye naka!"

Ba ta rufe baki ba aka sako tata gwanar. Tsohon nan ne dai, har da gyaran muryar. Ludayi ya suɓuce mata.

Tana cikin salati wayarta ta yi ƙara. Mudassir ne, autansu da ke aiki a Washington.

"Umma, ina kwana? Yaya ƙafar?"

Muryar ɗanta ce sak, ta ji sanyi a ranta.

"Da sauƙi, auta. Ka ji abin da muka ji?"

"Na ji, Umma. Dama shawara zan ba ku kan ƙuri'ar gobe."

Sai tsohon nan ya yi gyaran murya a cikin wayar.