Tela da Hitar Mai Jego

Ajiye sukudirebar nan tukuna, ɗan'uwana, ka zauna. Na ji ka ce hitar banɗakinka ta fara ɗiga, kuma da kanka za ka duba ta. Bari in buga maka misali da wani tela.

Telan nan mutum ne mai hannu. Kekensa na ɗinki bai taɓa zuwa wurin mai gyara ba, fankar shagonsa ma shi ya tashe ta bayan ta mutu, har maƙwabta suka riƙa kawo masa dutsen guga da tocila ya taɓa musu. Ya daɗe da aure Allah bai ba shi haihuwa ba, sai da furfura ta fara fito masa sannan matarsa ta samu ciki. Don murna ya ce ba za ta sha hayaƙin itace a wankan jego ba. Ya sayo hita ta hannu, irin mai tanki da ake kafawa a bango, ya kafa ta a banɗaki da kansa. Matar ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace, gwaggonta ta zo daga ƙauye don yi mata wanka. To, a ƙasan tankin akwai wani ɗan baki da yakan ɗigar da ruwa duk lokacin da hitar ta ɗauki zafi. Tela ya ɗauka yoyo ne. Ya sami noti, ya naɗe shi da zare, ya shafa gam, ya toshe bakin ƙam. Ɗiga ta tsaya. Ba a jima ba gwaggo ta fara ƙorafi, wai hitar tana kashe kanta tun ruwa bai yi zafin da ake gasa jikin mai jego da shi ba. Ya kwance murfin, ya bi wayoyi da ido har ya gano ɗan abin da ke yanke wutar, ya cire shi, ya haɗe wayoyin kai tsaye. Daga ranar ruwa ya riƙa fitowa da tururi, gwaggo tana ta sa masa albarka. Sai dai tankin ya fara gurnani, bututun yana rawa a jikin bango, fenti ya kumbura yana ɓarewa. Matar ta ce, "Malam, abin nan tsoro yake ba ni. A kira masu aikinsa su duba mana." Ya ce datti ne ya taru a ciki, in ya rage ɗinkin Sallah zai sauke ta ya wanke.

Wata rana aka ɗauke wuta tun safe, aka manta hitar a kunne. Tela ya tafi shago, gwaggo ta fita kai niƙa. Da hantsi aka dawo da wutar, ba wanda ya lura. Ruwa ya tafasa a cikin tanki, babu abin da zai kashe shi, babu ta inda tururi zai fita. Matar ta shayar da jaririyarta, ta kwantar da ita a ɗaki, ta ɗauki bokitin kayan wanki ta shiga banɗaki. Daga shagonsa tela ya ji ƙarar, ya ɗauka tayar babbar mota ce ta fashe a bakin titi, ya ci gaba da taka kekensa har sai da maƙwabci ya zo ya kama hannunsa. Ya tarar rabin bango ya zube, rufin kwano ya ɗage, tankin ya tsage kamar ƙwarya, mata sun lulluɓe matarsa da zani suna salati. Ta ɗan kwana biyu a asibiti tana tambayar ko an ba yarinya nono, sannan rai ya yi halinsa. Bayan an share makoki mai gidan da suke haya ya kira ƙwararren mai gyara don ya yanke bututun ya raba wayoyin da suka ƙone. Mutumin bai san wanda ya yi aikin ba. Ya juya ragowar tankin, ya ce wa mutanen da ke tsaye, "Kowace hita masu gadi biyu ne da ita. Ɗaya yana kashe wuta in zafi ya kai, ɗaya yana sakin ruwa in ciki ya cika. Wannan an kore su duka biyun." Tela yana wurin, a kunnensa aka faɗa. Gwaggo ta goya jaririyar ta tafi da ita ƙauye, don babu mai shayar da ita a gidan. Masu ta'aziyya suka yi ta ce masa ƙaddara ce, yana amsawa da haka ne, kuma lalle ƙaddara ce. Amma shi ya san ta hannun wa ta biyo.

Ka lura, ba mugunta ce ta kashe matar nan ba, ba kuma rowa ba. Ƙauna ce ta sa ya sayi hitar, ƙauna ce ta sa ya taɓa ta. Da bai san komai game da waya ba, da tsoro ya hana shi kwance murfin, ya je ya kira masu sana'ar. Da ya san aikin sosai, da ya gane ɗigar nan ba cuta ba ce, kariya ce. Ya san yadda ake cire abu, bai san don me aka sa shi ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.